Dakuwar Mma Fauziya

"Miƙo mani zuman nan," in ji Mma Fauziya. Na miƙa mata kwalbar, amma ba ta karɓa ba. Sai ta dafa bakin tebur da hannu biyu, ta sunkuyar da kai, tana jan numfashi kamar wadda ta hawo bene da buhun shinkafa. Alhali tun da na shigo tana zaune a kujera.

Ranar Alhamis ce da la'asar, saura kwana shida Kirsimeti. Muna cikin ɗan kicin ɗinta a hawa na huɗu na gidanmu da ke unguwar Jamaica, a Queens ta Amurka, inda ƙofarta ke kallon tawa shekara bakwai ke nan. Kicin ɗin nan idan mutum biyu suka shiga, dole ɗaya ya tsaya a karkace. A kan tebur ga babbar roba cike da soyayyen garin masara, ga kwalabe shida na niƙaƙƙiyar gyaɗa irin wadda Amurkawa ke shafa wa burodi, ga citta da kanumfari da ɗan barkono a murfin kwano. Dakuwa za mu yi. Ko in faɗi gaskiya tun daga farko, ita za ta yi, ni ina miƙo kaya.

"Mma, lafiya kuwa?"

"Lafiya lau. Iska ne ya ƙi shiga. Bar shi, yanzu zai shiga."

Hausar Mma irin ta Zangon Kumasi ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne a bakinta. Da farko abin yana ba ni dariya, daga baya na saba har ba na ji.

Na leƙa ƙarƙashin tebur. Silifas ɗin ɗanta Mutaru ne a ƙafarta, nata sun daina shiga. Na durƙusa na danna ƙwaurinta da babban yatsa, na ɗaga, sai ramin ya tsaya a wurin bai ciko ba. Na tambaye ta yadda take barci. Ta ce kwana huɗu ke nan ba ta kwanta a gado ba, a kujera take gyangyaɗi, don da zarar ta miƙe sai ta ji kamar an ɗora mata dutse a ƙirji.

Shekara tara ina aikin kula da tsofaffi a wani gida da ke Flushing. Ni ba nas ba ce, wanka da ciyarwa da canza zanen gado ne aikina, amma wannan ƙafar na san ta. Da a wurin aiki na gan ta, da gudu zan je in kira nas.

"Mma, asibiti za mu je. Yau ɗin nan."

"Ei, Hosanna! In na je za su riƙe ni. Bara sati guda suka riƙe ni, kai ma ka gani. Tsofaffinka fa? Ba Asabar ka ce za ka kai masu ba?"

To, a nan ne sai in tsaya in faɗi abin da ya sa nake rubuta wannan. Babu wasu tsofaffin da ke jiran dakuwa. Ni na ƙirƙire su.

Abin ya fara ne shekara uku da suka wuce. A cocinmu, duk Asabar ɗin da ke gaban Kirsimeti, Zumuntar Mata tana yin liyafa a ɗakin ƙasa, kowace mace ta zo da abin da ta dafa. Sunansa zumunci, amma kowa ya san gasa ce. Ni kuwa Allah bai ba ni hannun girki ba. Cincin ɗina yana iya fasa haƙori, shekarar da na kai gurasa kuma aka dawo mani da ita a cikin ledarta, wai an manta ba a buɗe ba. A waccan shekarar na taso daga aiki a gajiye, ba ni da komai a hannu, sai ga Mma ta ƙwanƙwasa ƙofa da gwangwanin biskit cike da dakuwa. Ta ce, "Barka da salla ɗinku." Na yi godiya, na sa riga, na wuce coci da gwangwanin.

Mama Aminci ce Uwar Zumunta, tsohuwar nas daga Kagoro, macen da ko fasto sai ya gyara tsayuwa in ta shigo. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta kai baki, ta rufe ido. Da ta buɗe sai na ga hawaye. Ta ce rabonta da wannan ɗanɗano tun uwarta na da rai. Ta juyo ta ce, "Hosanna, ke kika yi wannan?"

Ban ce e ba. Wannan ita ce hujjar da na riƙa ba kaina shekara da shekaru. Murmushi kawai na yi, na sunkuyar da kai irin na masu kunya, mata suka ɗau tafi. Kafin a tashi, abin ya riga ya sami suna, dakuwar Hosanna.

Da wata shekarar ta zagayo aka ce in kawo ninki biyu. Yaya zan ce wa dattijuwa Musulma ta zauna ta yi mani aikin da zan je in ci sunansa a coci? Sai na ce mata tsofaffin wurin aikina ne suka ɗanɗana suka so. Wayyo, da kun ga fuskarta. Ta ce, "Allah sarki, waɗanda 'ya'yansu suka kai su suka ajiye? Saya kaya, ni zan yi. Wannan sadaka ne." Tun daga ranar ta rage barkono, ta bar sukari ta koma zuma don ta yi laushi, wai saboda marasa haƙori. Matan Zumunta kuwa suka ce hannuna ya ƙara faɗawa. Alhali a wurin aikinmu ko ruwa ba a yarda ka shigo da shi daga waje ka ba wa tsoho ba, balle gyaɗa.

Ƙarya tana da ciki, sai an riƙa ciyar da ita. Mma takan tare ni a matakala ta tambayi lafiyarsu, ni kuma in ba ta labari. Akwai wani Mista Leroy a sashenmu, tsohon direban jirgin ƙasa, na mayar da shi sarkin cin dakuwa. Har addu'a take yi masa da sunansa bayan sallar asuba, ita ta faɗa mani.

A bana kuma abin ya girma. Matan Bronx da na Staten Island za su zo, aka ce ƙwaya ɗari biyu ake so. Aka buga takardar tsarin biki, ga sunana a shafi na biyu, tsakanin mai addu'ar buɗewa da mawaƙa. Na ɗauki hoton shafin na aika wa ƙanwata a Kafanchan.

Ga ni nan dai durƙushe a kicin, yatsana bai daɗe da barin ƙafarta ba, tana jiran amsa. Magana ɗaya ce za ta raba gardama. In ce, Mma, babu tsofaffi, tashi mu tafi. Za ta ji ciwo, wataƙila ta daina gaishe ni, amma za ta sa mayafi ta bi ni, don babu sauran abin da zai riƙe ta. Na san haka a lokacin, ba daga baya na gane ba. Na buɗe baki, na dubi robar garin, na tuna shafi na biyu.

Na ce, "To mu yi sauri mu gama. Ranar Asabar ina dawowa da ƙarfe huɗu sai mu tafi."

"Yoo. Yanzu ka yi magana."

Don in rage wa kaina nauyi na ce ni zan murza. A gida turmi ake sawa, amma ba a daka a hawa na huɗu, mutanen ƙasa za su buga silin da sandar tsintsiya. Don haka da hannu Mma ke haɗa garin da gyaɗar, tana dannawa da tafin hannu tana naɗewa har su zama abu ɗaya. Ba a kunna wuta, ba a gasawa, ƙarfin kafaɗa ne kawai. Ta bar ni na yi kamar minti biyar tana kallo, sannan ta ja robar gabanta.

"Kai shafa shi kake yi kamar jariri. Sai ya yi gumi. Ka ga?" Ta danna, ta ɗaga tafin hannunta, yana ƙyalli da mai. "In bai yi gumi ba, gobe zai watse."

Haka ta yi ta dannawa. Ta yi goma ta tsaya ta nemi iska, ta yi goma ta tsaya. Ni ina zuba zuma, ina kallon bango. Bututun ɗumama ɗaki yana ta huci a lungu, jirage suna wucewa ƙasa-ƙasa za su sauka, gilashin taga yana rawa. Ban taɓa jin ƙarar numfashin mutum ta fi ta jirgi ba sai ranar.

Ranar Juma'a na nemi a canza mani aiki na dawo da wuri, muka zauna mulmulawa. Nan kam na iya, ko da yake nawa suna fitowa kamar ƙwan zabo, nata kuwa kamar an auna. Rabi muka birgima a cikin gogaggiyar kwakwa suka yi fari, wannan dabararta ce, wai don su yi kama da dusar ƙanƙara tunda bikinmu na lokacin sanyi ne. Kowace ƙwaya muka sa ta a 'yar takarda mai lanƙwasa, ja ko kore. Ita Musulma ce ta gaske, amma ta fi ni kula da kalar Kirsimeti.

Ranar ta yi hira sosai, a gutsure-gutsure. Ta ba ni labarin uwarta da ke sayar da dakuwa a tashar mota a Kumasi, da yadda take ɗora mata faranti a ka tun tana 'yar shekara takwas, ta kuma ƙirga ƙwayoyin a gabanta don ta san halinta.

"Kullum sai ɗaya ya ɓata. Ni ma ban san inda yake zuwa ba."

Ta yi dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya ƙi tsayawa. Na tashi na shafa mata baya. Ta cikin riga ina jin ƙirjinta yana ƙara kamar ana busa ruwa da tsinke.

"Mma, ko dai mu je yanzu? Ai an kusa gamawa."

"Kusa ba gamawa ba ne. Zauna."

Na zauna. Da sauri ma na zauna, wannan ne abin da ba na mantawa. Lokacin la'asar ya yi, ta yi sallarta a zaune a kujera, ni ina jera dakuwa a gwangwanaye. Da muka gama ta ware kamar ashirin, waɗanda ta ƙara wa barkono, ta ce na Mutaru ne, in sa mata a firji. Mutaru yana lodin kaya a filin jirgi, a makon Kirsimeti kuwa aiki biyu yake haɗawa, barci kawai ke kawo shi gida.

Ranar Asabar da safe na leƙa ta. Tana kujera, a lulluɓe da bargo, carbi a hannu. Ta ce in gaishe da Leroy. Na ce zai ji.

Liyafa ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Mata sun cika ɗakin ƙasa da zanen Zumunta iri ɗaya, ana buga tulu da kacau-kacau, ga shinkafa, ga gwate, ga naman akuya. Gwangwanayena kuwa kafin a gama waƙa ta biyu sun koma takardu ja da kore a ƙasa. Wata daga Bronx ta riƙe hannuna ta ce sai na koya mata. Na ce sirrin shi ne a murza har sai ta yi gumi. Da bakina na faɗa, har ina nuna mata da tafin hannu. Ƙarfe huɗu ta yi ina kallon agogon bango, sai Mama Aminci ta ce kada kowa ya tafi, za a kira waɗanda suka yi hidima a yi masu addu'a. Na ce a raina rabin awa ba zai kashe kowa ba.

Sai biyar da rabi na ɗauko rigar sanyina na duba waya. Kira bakwai, duk daga Mutaru. Ya dawo gida da ƙarfe uku don ya canza kaya, ya tarar da uwarsa ta zame daga kujera, leɓunanta sun yi baƙi. Masu motar asibiti sun sauko da ita hawa huɗu a ɗaure a kujerarsu.

A asibiti na same shi a tsaye a baranda, har yanzu da rigar aiki mai ƙyalli. Mutum ne mai shekara talatin da biyar, amma da ya gan ni sai fuskarsa ta koma ta yaro. Likita ya ce zuciyarta ce ta gaza, ruwa ya cika huhu, suna ƙoƙarin janye shi. Ya tambaya kwana nawa take haka. Mutaru ya juyo ya dube ni, na ce kamar kwana biyu ko uku. Likitan ya rubuta.

Da ya tafi Mutaru ya ce, "Anti, shekaranjiya na ga ƙafar, na ce mata mu zo. Ta ce kin duba ta, kin ce za a iya jira zuwa Asabar. Shi ya sa hankalina ya kwanta. Na ce tunda ke aikinki ne." Shi Hausarsa ta koma irin tamu, saboda 'yan Kano da yake aiki da su. Ba zargina yake yi ba, bayani yake mani don kada in ga kamar ya yi sakaci da uwarsa. Da ya zage ni da ya fi mani sauƙi.

Ranar Lahadi ban je coci ba. Da azahar aka bar mu muka shiga. Ta yi ƙanƙanta a gadon, an rufe mata hanci da baki da robar iska. Da ta gan ni sai ta sa hannu ta janye robar.

"Sun ci?"

Mutaru yana tsaye a gefena. Na ce, "Sun ci, Mma."

"Leroy?"

"Har uku ya ci."

"Ei, Leroy." Ta ɗan murmusa. "Alhamdu lillahi."

Mutaru ya mayar mata da robar. Can aka kira shi a waya daga Kumasi, ya fita. Muka rage mu biyu. Na matso da kujera, na sunkuya daidai kunnenta, na ce, "Mma, akwai maganar da nake so in faɗa miki." Ta buɗe ido, ta lalubo hannuna ta riƙe, ta sake janye robar.

"Ka gaji, ɗana. Idonka ya faɗa. Je ka huta. Na gode, ka sa na samu lada."

Ta rufe ido. Na zauna riƙe da hannunta, ina cewa bari ta ɗan farfaɗo tukuna, yanzu ba lokacin tayar mata da hankali ba ne. Ko a nan ma dabara ce nake wa kaina, na sani. Kafin magariba Mma ta cika.

Aka binne ta ranar Litinin a New Jersey. Addu'ar uku ta faɗo ranar Laraba, ranar Kirsimeti. Tun safe gidan ya cika da mutanen Gana da na Nijar, maza a falo, mata a ɗakin kwana da kicin, ƙofa a buɗe. Ni ina ta kai da kawo da kofunan shayi, don in na zauna sai in fara tunani. Wata mata ta buɗe firji neman madara, ta ga dakuwar nan ta Mutaru, ta juye a faranti ta ce a zagaya da ita, aikin hannun marigayiya ne na ƙarshe.

Wajen ƙarfe ɗaya na ji hayaniya a matakala. Mama Aminci ce da mata uku, an taso daga sujadar Kirsimeti, da zanen Zumunta a jikinsu. Sun ji maƙwabciyata ta rasu, sun ga ban zo coci ba sau biyu, sun zo ta'aziyya. Ban gayyace su ba, kuma ba a korar mai ta'aziyya. Aka ba Mama kujera a bakin falo saboda shekarunta. Ba ta gama zama ba farantin ya iso gabanta.

Ta dubi farar ƙwayar a cikin jar takarda. Ta ɗauka, ta juya ta, ta gutsuri kaɗan. Ina tsaye da tire a hannu ina kallon muƙamuƙinta yana motsi a hankali. Ba ta dube ni ba.

Malam Abdul-Karim, limamin masallacinsu, ya gama karatu ya ce ko akwai mai son faɗin wani alheri na marigayiya. Mutaru ya miƙe. Ya yi maganar yadda ta rene shi ita kaɗai, da yadda ba ta taɓa cin abinci ba ta leƙa maƙwabta ba. Sannan ya nuna farantin.

"Wannan dakuwar da kuke ci, shekara uku uwata tana yin ta don tsofaffin gidan da Anti Hosanna ke aiki. Ba ta san su ba, ba addininsu ɗaya ba. Makon nan ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya ƙi, ta ce ba za ta je asibiti ba sai ta gama masu. Ta gama kuwa." Ya dube ni. "Anti, ke ce shaida. Ki faɗa masu."

Duk falon ya juyo. Matan ɗaki suka leƙo. Na ajiye tiren a kan talabijin. Matan Zumunta uku sun sunkuyar da kai, ɗaya tana murza bakin zanenta. In faɗi gaskiya, in kwashe wa wannan bawan Allah abu ɗaya da yake riƙe da shi a gaban jama'arsa? In maimaita ƙaryar a gaban Mama, da dakuwar a hannunta?

"Ɗana, bar ta, ba za ta iya magana ba." Mama Aminci ce. Ta dafa gwiwa ta miƙe. "Ni zan ba da shaida. Shekaruna saba'in da huɗu, haƙoran ƙasan nan duk na roba ne. Tsofaffi sun ci dakuwar uwarka, ina cikinsu. Duk Kirsimeti muna ci. Ranar da na fara sa ta a baki, uwata na tuna, na yi kuka a gaban mutane. Ban taɓa sanin sunan wadda take yi ba sai yau." Ta juya wajen malam. "Yaya sunanta?"

"Fauziya."

"Fauziya. Allah ya ba ta hutu, ya saka mata."

Falon ya ɗauka da amin. Wani dattijo ya ce Allahu akbar. Mutaru ya rufe fuska da hannu yana kuka, malam ya ɗaga hannu ya shiga addu'a, yana roƙon kowace ƙwaya ta zama haske a kabarinta. Na bi maganar Mama ɗaya bayan ɗaya a raina, ban sami ƙarya ko ɗaya a ciki ba.

Da za su tafi ta miƙo mani jakarta ta ce in raka ta. Sauran matan suka yi gaba da sauri, kamar an ce masu su ba mu wuri. Tana sauka a hankali, hannu ɗaya a kan ƙarfen matakala, ɗayan riƙe da ragowar dakuwar. A hawa na uku ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Yaushe kika ga ƙafar?"

"Alhamis, Mama."

"Kin danna?"

"Na danna."

"Ta loɓa?"

"Ta loɓa."

Daga sama ana jin ƙarar cokula a kofuna.

"Alhamis," in ji ta, ta ci gaba da sauka.

Na bi ta har ƙasa. Na so ta yi faɗa, ta kira ni maƙaryaciya, ta ce za ta kai ni gaban Zumunta. A bakin ƙofa ta karɓi jakarta, ta ciro hankici, ta naɗe guntun dakuwar a ciki da kyau, ta sa a aljihun jakar. Sanyi ya bugo mu. Motarsu tana jira a gefen titi, ta shiga, suka tafi.

Na hawo a hankali. A hawa na huɗu takalman masu ta'aziyya sun cika baranda, sun tashi daga ƙofar Mma har sun rufe tawa, manyan takalman sanyi na maza, da na mata, da na yara, an tattake su sun cakuɗe, narkakkiyar ƙanƙara tana tsiyaya daga ƙasansu. Makullina yana hannuna amma babu wurin sa ƙafa. A ciki malam ya sake ɗaukar wata addu'ar. Na mayar da makullin aljihu, na durƙusa a kan siminti mai jiƙe, na fara neman wa kowane takalmi ɗan'uwansa ina jerawa a jikin bango.